Dutsen Niƙan Inna

Ɗan gidan Lantana ne ya buɗe zauren a waya,
ya raɗa masa suna "Kar a Yar".
Doka biyu ya kafa mana: ba ciniki, ba gori.
Abin da ya tsaya maka a ɗaka kamar ƙashi a wuya,
ɗauki hotonsa ka sako.

Tun daga ranar waya ba ta huta ba.
Tukunya mai kunne ɗaya ta tafi Unguwar Maƙera.
Takalmin da ƙafar Sagiru ta fi ƙarfinsa
ya sami wata ƙafar a bayan asibiti.
Malam Jibo ya sako rediyon da bai iya komai ba sai shuuu,
yaron mai cajin waya ya ɗauka,
bayan kwana biyu muka ji shi a tasha yana labaran duniya.

Ni kuwa dutsen niƙan Inna na sako.
Shekara shida yana kwance a gindin rumbu,
kaji su hau, akuya ta yi susa.
Tun da injin Barau ya fara tari a bakin kasuwa
ba wadda ta sake durƙusa masa.
Na share shi, na ɗauka,
hoton ya fito a karkace.
Na rubuta: "Kyauta. Akwai nauyi."

Kwana uku, shiru.
Bokiti ya shigo ya fita, katifa ta shigo ta fita.
Wani ya liƙa fuskar dariya a ƙarƙashin dutsen.
Na kife wayar, na yi ta tsintar wake har magariba.

A dare na huɗu sai ga saƙon murya,
tsohuwa ce, maraƙi na kuka a bayanta:
"Jikata ta nuna mini. Hansai ce, daga rugar bayan Gujungu.
Inji ba ya karɓar saiwa,
ba ya tsayawa don kimba cikin tafi ɗaya.
Ina so. Amma ina ɗan dutsen?"

Ban amsa ba.
Ɗan dutsen na ƙarƙashin gadona,
naɗe cikin tsohon kallabi.
Shi ban sa a hoto ba.

Da hantsi amalanke ta tsaya a ƙofar gida.
Ƙarti huɗu suka ɗaga da salati,
tururuwa suka watse da ƙwansu a baki.
Hansai ba ta yi doguwar gaisuwa ba,
ta sa tafinta cikin kwarin dutsen, ta shafa, ta shafa,
ta ce: "Allah ya jiƙan mai shi. Bahaguwa ce."

Shekara arba'in ina cin tuwon wannan hannu,
sai baƙuwa ce ta tuna mini.
Na shiga ɗaka na kwance kallabin.
Ba a raba uwa da ɗa a kan idona.

Bayarwa ashe ita ce mai sauƙi.
Ran da Malama Sabuwa ta sako tabarau,
ƙafarsa ɗaya ɗaure da zare,
na rubuta "ina so", na goge.
Na rubuta, na goge.
Me za a ce, 'yar Sarkin Noma tana miƙa hannu?
Sai muryar Hansai ta faɗo mini,
yadda ta ce "ina so" kamar mai cewa "ina kwana".
Na rufe ido na tura.

Yanzu bugu ɗaya nake zura zare a allura.
Jiya na leƙa gindin rumbu da sabon idona:
inda dutsen ya tashi, ruwan farko ya sauka,
ga tsiron gero guda bakwai.
Na kifa musu kwando
saboda kaji.