Ƙofofi Huɗu

A shagon Belmiro, bayan tashar Campanhã,
inda jirgin ƙasa ke girgiza kwalaben kusoshi,
Graciete ta dire amfilifayar marigayi mijinta.
Ta ce, "Ran Lahadi ta yi gurnani,
sai ƙauri, sai shiru."

Ya kwance murfi, hanci ya riga ido.
Diyod huɗu, kowace ba ta fi ƙwayar wake ba,
masu gadi: wuta ta shige, kada ta juyo.
Biyu sun tsage, baƙi ƙirin,
sun bar ƙofa a hangame,
fis ya bi sahu.

Ya soka mita a bango.
Ɗari biyu da arba'in da bakwai.
"Da aka ƙera ta, ɗari biyu da ashirin take sha.
Yanzu kowane rufi ya ɗau sola,
rana tsaka waya ta cika ta batse.
Tsohuwa aka ɗora wa kayan samari."

Hayaƙin dalma ya miƙe siriri.
Sababbi huɗu, masu ƙwari.
Allura ta sauka kan faifai.

Graciete ba ta ce uffan ba.
Tafinta dai na kan murfin,
tana jiran ya yi ɗumi.