Gida Na Bakwai

Gida ɗari biyu da tamanin ne a ƙauyen,
manne a ƙirjin dutsen Andes kamar kaska a wuyan sa.
Arba'in kawai aka aiko ni in tambaya
yadda dankali ya yi bana.

Na rubuta ɗaya zuwa bakwai a guntayen takarda,
na zuba a hular direba.
Wani yaro mai fasasshen kumatu ya zura hannu, ya ɗauko huɗu.
Shi ke nan, ba ni da sauran ta cewa:
na huɗu, na sha ɗaya, na sha takwas,
ƙuri'a a gaba, ni a baya, raƙumi da akala.

Shugaban ƙauye, Leoncio, ya cika ni da masara da cuku,
ya miƙo sunayen waɗanda suka iya magana.
Duk surukansa ne. Duk a bakin titi suke.
Na ci, na gode,
na ninke takardar na tokare ƙafar tebur da ita.

Tsohuwa Hermelinda ta tare hanya, zare a hannunta:
"Kin shiga gidan maƙwabcina, kin tsallake nawa.
Ni ba mutum ba ce?"
Na fara kame-kamen boko, ta katse ni.
"In za ki sayi buhuna, na sama za ki duba?"
Na ce a'a.
"To ai manyan nake ɗorawa a sama," ta yi dariya, haƙori biyu,
"zura hannu har gindi, 'yar nan. Wuce."

Na ɗari da biyu yana can inda gajimare ke kwana.
Awa biyu ina hawa, huhuna na roƙon iska,
na tarar da kwaɗo a ƙofa, da kare.
A ƙasa kaɗan ga wani gida, hayaƙi na tashi,
har ana yafito ni da hannu.
Wa zai sani?
Alƙalami ba ya tsegumi.
Na daɗe a tsaye, sanyi na cin yatsuna,
sannan na gangara, layin nan babu komai.

Washegari na sake hawa.
Mai gidan, Anacleto, bai iya doguwar magana ba.
Ya kai ni gona, ya tona kunya da ƙafa:
ƙanƙara ta ƙone komai tun watan biyu.
'Yan bakin titi ba wanda ya ambaci ƙanƙara.

Na rubuta sifili.
A ofis za a ninka shi sau bakwai,
ya tsaya wa gidaje shida da ban taka ba.
Zan iya kuskure, na sani,
har faɗin kuskuren muna aunawa.

Ya ba ni dankali ɗaya, baƙi, busasshe, na bara.
Yana aljihuna har yanzu.