Gorar Bakin Rafi

Motar siminti ta hawo dutsenmu tana nishi,
kowace kwana ta sha, buhu ya ƙara kuɗi.
Da ta tsaya ƙofar shagona a Pijao
na ji farashi, na haɗiye yawu,
na ce wa direba ya gai da gida.

Kuɗin da ya gangara dutsen nan
ban taɓa ganin ya hawo ba.

Sai na nufi Evelio mai kunne ɗaya.
Shi ba ya sara sai wata ya rame,
kafin carar zakara, ruwan gora na kwance a gindi.
Ya ce, "Nubia, wannan ta shekara biyar, ta nuna.
Waccan bar ta, yarinya ce."
Ya sare arba'in,
damina ta mayar masa da sittin.

Na ƙirga masa a tafin hannu.
Ya sallami Ovidio da alfadaransa biyu,
Ovidio ya biya Ligia bashin wainar masara,
Ligia ta zo ran kasuwa sayen gishiri da kyandir,
sai ga takardar kuɗina mai yagaggen gefe,
wadda na liƙe da hannuna.
Na yi ta dariya har ta ɗauka na zautu.

Surukata ta leƙo ta taɓe baki:
"Akurkin kaji za ki yi?"
Muka yaɓe bango da jar ƙasar bayan gida.
Samari uku da suka ɗaure kayan tafiya birni
suka kwance, suka koyi haɗa gaɓa da gaɓa.
Ɗaya dai daga baya ya tafi. Ba zan ɓoye ba.

Daren da ƙasa ta motsa
gidan ya yi rangaji kamar mai gyangyaɗi.
Kofuna biyu suka fashe.
Iyakar asarar ke nan.

Gara tana nan, ita ma 'yar gari ce,
maganinta kuɗi ne,
ƙusa da kwanon rufi kuwa har gobe baƙi ne.
Amma da rarar da ta ragu
na sayi injin suyar gahawa.

Yanzu kullum safe Evelio kan biyo,
ya ƙwanƙwasa ginshiƙi da bayan yatsa,
ya kara kunnen nan nasa ɗaya,
ya ce, "Lafiyarta ƙalau,"
sannan ya sha gahawa bashi.