Jirgin Baba Jatau

A Gangare, bayan shagon mai walda,
inda sanyin Jos ke shigowa ta ƙasan ƙofa ba sallama,
Baba Jatau na gina jirgin yaƙi
a kan tebur da bai kai sallaya faɗi ba.

Bai taɓa ganin teku ba.
Ruwa mafi girma a idonsa
kududdufin kuza ne na hanyar Bukuru.
Takardar zanen ma tsintuwa ce,
tun yana yaron kafinta, a gidan wani Bature mai haƙar kuza.
Gara ta ci gefenta, ta bar masa lissafi.

Ƙashin baya ake farawa, in ji shi.
Maɗaci, tsawon kamu biyu, miƙaƙƙe sak.
In nan ya karkace ko da kaurin gashi,
duk abin da ka ɗora ƙarya ka ɗora.

Sai haƙarƙari, sittin da huɗu,
kowanne da irin lanƙwasarsa,
na tsakiya buɗe kamar ƙwarya,
na goshi a tsuke kamar bakin mai rowa.
Katakon jiki kuwa, siriri kamar ɓawon rake,
yakan tara shi a tururin butar shayi
har ya yi laushi, ya yarda.
Ice ba a yi masa dole, sai lallashi.
Ba ƙusa ko ɗaya,
tsinken sakace ne ke riƙe da komai,
da abawa a tsaga, da ɗigon kwalta.

Wata bakwai ina kawo masa ƙosai
ina ƙirga abin da ya ƙaru.
Wani makon layi uku.
Wani makon ya ɓamɓare biyar.

Da ya gama gefen dama, sai ya ajiye aska.
Na ce, Baba, hagu fa? Ga haƙarƙari a waje.
Ya ce haka magabatan sana'ar ke bari,
don mai kallo ya ga abin da ke ɗauke da jirgi.
Fenti kowa ya iya.

Tagogin igwa kuwa, talatin da biyu,
ya yanka su daidai, da marufi da igiya,
amma na leƙa, babu komai ciki.
Ina igwogin?
Ya daɗe yana goge tabarau da bakin riga.
Ya ce shekarar da kasuwa ta ci wuta
ya ji ƙarar da za ta ishe shi har kabari.

Jiya aka yi ruwa da ƙanƙara.
Rufin kwano ya zuba ta wuri uku,
ɗaya daidai kan tebur.
Muka tarar da jirgin da safe
da ruwa cikin cikinsa, kamar rabin kofi,
yana fita a hankali ta gefen hagu.
Baba ya yi dariya har da tari:
To, ga shi dai ya sha ruwa.
Miƙo min tsumma.