Lamba Huɗu da Ɗigo Uku

A Bur Sudan zafi bai san an yi isha'i ba.
Janareton maƙwabta na tari,
ni kuma ina gadin wata ƙofa
da na gina da yatsu goma, ba ƙusa, ba katako.

Aikina ke nan a ofishin jiragen kaya:
duk adireshin da aka miƙo wa manhaja
sai na buɗe masa baki na duba haƙora
kamar mai cinikin akuya.

Lamba huɗu, ɗigo uku a tsakani.
Kowace daga sifiri take tasowa,
a ɗari biyu da hamsin da biyar ta ja birki.
Jiya ɗari biyu da hamsin da shida ya zo
da sallamarsa, da kwarjininsa,
na ce: Baba, yi haƙuri,
taku ɗaya ka ƙara, amma ka shiga gonar wani.

Suna kuma gaɓa-gaɓa ne,
kowace gaɓa harafi sittin da uku ne iyakarta,
karan ɗori ba ya jan gaba, ba ya riƙe wutsiya.

Mu'utasim mai tebur a jikin taga
ya ce na cika ƙaƙale, in bar bayin Allah su wuce.
Bai ga abin da na gani ran Talata ba:
wani harafi daga wata nahiya
ya aro rigar namu, ya tsaya tsaf cikin sunan banki.
Ido ya rantse shi ne.
Na'ura ta ƙirga ƙashinsa, ta ce a'a.
Kama da wane ba ta wane.

Wani kuma ya rubuto
ɗari da ashirin da bakwai, sifiri, sifiri, ɗaya:
baƙo ne yake cewa a raka shi gida,
gidan da yake nufi kuwa ƙuryar ɗakinmu ce.
Na tura kyaure.

Da dare ya raba, don wasa, na ba ta sunana.
Ɗayyiba.
Ƙofar da na gina ta dubi lanƙwasar kaina
ta ce ba ta san wannan ƙugiya ba.
Ko in aske ta in shiga,
ko a naɗe ni cikin wasu baƙaƙe
da ko uwata ba za ta gane ni a ciki ba.
Na yi dariya ni kaɗai. Dariyar ba ta yi nisa ba.

Kakata Gambo a Mai Wurno ba ta san ɗigo ba.
In ta yi kwatance cewa take:
ka ba kogi baya, ka wuce mai agashe,
inda ka ga dalbejiya ta jingina da katanga
ka yi sallama da ƙarfi, tsohon kurma ne.
Saƙonta bai taɓa ɓata ba.

Akwai wani adireshi da na haddace
kamar lambar wayar mamaci:
na'urar tsohon ofishinmu a Khartum,
hawa na uku, kusa da tulun sanyaya ruwa,
inda na bar kofina da takalmin salla
a kan gobe zan dawo.

Daren nan na rubuta shi.
Lamba huɗu. Ɗigo uku.
Ƙofata ta kunna kore, ta ce ingantacce ne.

Ni siffa aka ce in duba.
Ba a ce in tambaya ko rufin yana nan ba,
ko akwai mai amsa sallama.

Duk da haka na ƙwanƙwasa.
Daƙiƙa talatin na'ura ta ba shi, ta haƙura.
Ni na ƙara masa,
har shayina ya huce,
har wani jirgi ya yi kuka a bakin teku
yana neman izinin shigowa.