Huɗu Sun Fita, Ɗaya Ya Shiga

Motata ce ɗakina.
Tsohuwar bas ce da na cire wa kujeru,
na shimfiɗa katifa inda fasinja ke zama,
na kafa firji a bayan kujerar direba
don allurar shanu ba ta shiri da rana.
Daga Tangaza zuwa Gidan Madi, daga Binji zuwa Silame,
inda dare ya riske ni, nan ne gida.

Batura huɗu ne a ƙarƙashin gadon,
baƙaƙe, masu cikin dalma.
Shekara shida muna kwana tare.
Na shayar da su ruwa kamar 'yan maruƙa,
na kankare musu tsatsa da tsohon buroshi,
su kuma suka huda mini wando uku
da gefen dardumar salla.

A bazarar bana suka gaza.
Ƙarfe biyun dare, a rugar Ardo Juli,
fanka ta yi tari, ta tsaya,
firji ya yi shiru kamar surukin da aka ritsa.
Da safe kwalabe tamanin sun yi ɗumi.
Na tsaya gaban garken da aka taro tun asuba,
ba allura, sai ban haƙuri.

Sahabi mai waya, a bayan Tashar Illela,
ya zagaya su, ya taɓa ɗaya da ƙafa.
"Likita, waɗanga sun ƙare aikinsu.
Sayi litiyam. Ba shi shan ruwa, ba shi tsatsa."
Na ce nawa?
Ya faɗa.
Na nemi benci na zauna.
Kuɗin bijimi ne, har da igiyarsa.

Sati uku ina lissafi a bayan kwalin magani.
Albasar da na ɓoye don damina
ita ta biya.

Ranar aiki, ƙarti biyu suka ciro tsofaffin suna nishi.
Sabon kuwa, yaron shago ne ya shigo da shi
a rungume, kamar ɗan akuya.
Sahabi ya canza na'urar cajin sola,
ya sa fis, ya ƙara kaurin waya,
ya matsar da shi nesa da zafin inji,
ya nuna mini cikinsa a fuskar wayata:
ɗari bisa ɗari.

Yana goge hannu ya ce,
"Amma wanga ba shi gargaɗi.
Tsoho in ya gaji, ƙwai na yin ja, ka gani, ka shirya.
Wanga shina ba ka haske hal ƙarshe,
sannan ɗif."

Ban amsa ba.
Baba ne ya faɗo mini,
wata bakwai yana dusashewa a kan tabarma,
muka ga tafiyar tun daga nesa,
muka yafi juna, har bashi ya lissafa mana.
Sai kuma Mode, ƙanena,
da ya ci tuwo, ya yi dariya, ya ce a tashe shi da asuba.

'Yan gwangwan suka auna tsofaffin a sikeli.
Shekara shida, kilo kaza, naira kaza.
Na karɓa ban ƙirga ba.

Yanzu firji na gurnani har gari ya waye,
fanka ba ta tari,
Ardo Juli ya sake taro shanunsa, na cika alkawari.
Inda ukun suka bari fili
na zuba takalma da buhun gero.

Sai dai ƙarfe biyun dare har yau ina farkawa.
In kasa kunne. In lalubo waya.
Saba'in da ɗaya.
In koma in kwanta.

Galan ɗin ruwan batir yana nan bayan ƙofa,
rabi.
Ba mai sha,
ban kuwa zubar ba.