Kwana a Jidda

Awa huɗu da ɗoriya a sama, ƙafata ta kumbura,
takalmin da na sayo a Wambai ya ƙi karɓar ta.
Baba kuwa tun tashinmu daga Kano
bai saki hannun kujera ba.

Allo ya ce jirgin Indiya sai hantsi.
To. Muka yada zango.

Sanyin na'ura kamar yana bin mu bashi.
Na lulluɓe shi da babbar rigata,
takardun asibiti suka zama matashi.
Na juya kuɗin shayi zuwa naira,
na haɗiye yawu, na sayi kofi ɗaya muka raba.

Biyun dare wata mai shara ta ji hirarmu,
ta ja ta tsaya. "Hausawa ne?"
Sunanta Zinaru, a nan aka yanke mata cibi,
Gumel ɗin kakanta a baki kawai ta san shi.
Ta kwance bakin gyale, dabino bakwai,
sannan ta nuna wata ƙofar gilashi da haɓa:
"Makka nan ce, tafiyar awa guda."

Baba ya daɗe yana kallon ƙofar.
Shekara talatin yana tara kuɗin kujera,
ƙoda ta cinye su a wata shida.
Ba mu da bizar fita.

Ya ce in juya masa kekensa ya fuskanci can.
Na juya.
Shi bai yi kuka ba,
ni ne na shiga banɗaki na daɗe.

Da gari ya waye aka kira sunanmu, a karye.
Ya ce, "Tura mu je, Ɗanlami.
Ai mun kwana a maƙwabta."